Azurfa a Gonar Mati

Duk wanda ya zo ajina koyon ƙirar azurfa, kafin in miƙa masa guduma sai na nuna masa tsintsiya. Tana can rataye a saman ƙofar zaure, ɗaure da igiya, ba ta saukowa sai sau ɗaya a shekara. Samarin bana da suka gan ta dariya suka yi. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi ya kalli yadda ake yin zobe a wayarsa, cikin minti huɗu aka gama, ya tambaye ni ko zuwa Juma'a zai iya ƙera nasa. Ni bakina yana da nauyi tun ina yaro, alƙalami ya fi mini sauƙi, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku karanta kafin mu hura wuta.

Ni ba gadon ƙira na yi ba, haye na yi. Mahaifina malamin firamare ne, cikin littattafai na tashi, kuma da an bar ni da a cikinsu zan ƙare. Na gama difloma ina zaune a gida ba aiki, sai wata ƙungiyar unguwarmu ta ɗauki nauyin samari shida su koyi sana'a wata tara a wurin Baba Ilu. Shi maƙerin fari ne, ba ya ƙera fartanya da gatari. Aikinsa azurfa da tagulla, zobe da munduwa da 'yan kunne. Ba na cikin shidan farko. Wani ne ya gudu ya koma acaɓa, aka sa sunana a gurbinsa, na shiga aji an riga an yi mako biyu da farawa.

Gidan Baba Ilu yana cikin gari, a wani lungu da ba shi da nisa da rijiyar Kusugu. A ƙofar gida akwai rumfar kara, nan mu ɗalibai muke zama a kan buhuna, muna aiki da jan ƙarfen da ake ɓarowa daga tsohuwar wayar lantarki. Azurfa kuwa ba ta fitowa rumfa. Wurinta cikin zaure, ɗaki mai duhu-duhu da 'yar taga ɗaya can sama, inda Baba yake zama shi kaɗai. An gaya mini cewa a ƙarshen wata tara kowannenmu zai shiga zauren ya ƙera zoben azurfa guda ɗaya da hannunsa. Zoben nan shi ne jarrabawa, shi ne kuma takardar shaida. Wanda ya fita ba shi, ko ya ce a wurin Baba Ilu ya koya ba mai yarda. Na rubuta wannan a littafina, na sa alamar tambaya a gefe: azurfar daga ina? Ban tambaya da baki ba.

Littafin nan shi ya jawo mini suna. Sagir, wanda ya fi kowa surutu a ajin, shi ya fara kira na Akawu, sunan kuwa ya bi ni har yau. Komai na gani sai na rubuta, har zane nake yi. Baba bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa leƙa littafin ba. Shi ba da baki yake koyarwa ba. Zai karɓi abin daga hannunka ya yi sau ɗaya a hankali, ya mayar maka, ya koma ciki.

Kayan aikinsa duka za su shiga jaka ɗaya. Uwar maƙera ƙarama, ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, an kafa ta a kututture. Guduma uku, ƙaramar cikinsu ƙotarta ta lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama. Awartaki, magagari manya da ƙanana, zuga-zugin fatar akuya, da wani faifan ƙarfe mai huda-huda da ake jan waya ta cikinsa. Tukwanen narka azurfa shi yake gina su da yumɓu, kowace kamar ɓawon ƙwai. Gawayi kuma na ƙirya kawai yake karɓa, wanda in ka yar da shi ƙasa za ka ji yana ƙara kamar ƙarfe. Ƙungiyar ta saya masa kan wuta mai aiki da gas, ya gode, ya mayar da shi na dafa shayi.

Aikin farko da aka ba ni jan waya ne. Ka fiƙe bakin jan ƙarfe, ka zura a huda mafi girma, ka take faifan da ƙafa, ka kama da awartaki ka ja. Ka koma huda ta gaba, ta gaba, har waya mai kaurin tsinken tsire ta koma kamar silin gashi. A huda ta huɗu ta tsinke mini. Na sake, ta sake tsinkewa. Na duba littafina ban ga kuskure ba. Baba ya fito zai yi alwala, ya ɗauki gutsuren ya lanƙwasa kusa da kunnensa.

“Ya gaji,” ya ce. “Kai shi wuta ya huta.”

Ranar na san ƙarfe yana gajiya. In ka dake shi ko ka ja shi yana taurarewa, sai ka mayar da shi wuta ya yi ja kamar ɓawon goro, ka tsoma a ruwa, ya dawo da laushi kamar bai taɓa shan wahala ba. Wannan jan kuwa ba ya ganuwa a rana. Shi ya sa zauren yake da duhu.

Liƙi ya fi ba ni wuya. Ka haɗa bakin zobe biyu har haske ba ya ratsawa, ka shafa garin da muke kira sinadari, ka ɗora ɗan gutsuren ƙarfen liƙi kamar ƙwayar gero, ka sa a wuta. Akwai wani ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da gutsuren zai yi rawa, ya zama ruwa, ya bi tsagar da gudu kamar an kira sunansa. In ka janye a nan, ka yi zobe. In ka ƙara numfashi ɗaya, zoben gaba ɗaya ya narke ya zama dunƙule. Zobe goma sha ɗaya na narkar kafin ɗaya ya tsaya, domin duk sanda ruwan ya fara gudu sai in shagala da kallonsa. Wannan ba ya cikin minti huɗun da kuka kalla.

Akwai wani aiki da na kalla daga bakin ƙofa, na munduwar wani Buzu mai suna Agali, da ke zuwa daga can gaba da iyakar Kongolam. Munduwar matarsa ce ta tsage. Kun san tsakanin Buzu da maƙeri akwai wasa, don haka tun daga sallama suka fara. Agali ya ce ba zai tashi ba sai an gama, domin kowane gugan magagarin maƙeri azurfar kuɗin ƙafar akuya ɗaya ce take tafiya. Baba ya ce in akuyar Buzu ce ai ba asara, ƙashi ne da fata. Ya shimfiɗa wata tsohuwar fata a cinyarsa, a kanta ya yi duk gugan. Da ya gama sai ya tattara ɗan garin azurfar da ya zuba a fatar da gashin kaza, ya ƙunshe a takarda ya miƙa wa Agali tare da munduwar. Agali ya miƙe zai fita, Baba ya nuna masa dokin ƙofa, ya ce ya kaɗe ƙafarsa tukuna.

“Maƙeri,” in ji Agali, “har ƙasar ƙafata za ka ƙwace?”

Ya kaɗe yana dariya ya fita. Na lura kowa haka yake yi, har Baban kansa. Ba mai fita daga zauren sai ya buga ƙafarsa sau biyu a dokin ƙofa ta ciki. Na rubuta, na ɗauka wani camfin maƙera ne.

Shekarar ba ta yi kyau ba. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika ido ba, aka yi ta ɗaga bukukuwa. Masu zuwa daga ƙetaren iyaka suka ragu, Agali ma ba mu sake ganinsa ba. Kasuwa kuma ta cika da sarƙoƙin waje masu ƙyalli, waɗanda ke koɗewa bayan wanka uku, amma mai ɗan abin hannu su yake iya saya. Sai a yi kwana huɗu ba a hura wutar zaure ba. Baba yana zaune yana gyara ƙotar guduma da ba ta lalace ba. Azurfar sayarwa ta yi tsadar da ko tambaya an daina yi. Duk da haka in Sagir ya tsokano maganar zobenmu, Baba cewa yake tana nan, a bari hadari ya fara haɗuwa.

Muna cikin wata na takwas, tsakiyar bazara, aka yi wa Baba rasuwa a garin Babban Mutum. Ya tafi ranar Alhamis zai kwana biyu. Da yake ni nake riga kowa zuwa, ni ya bar wa makulli, don wani malami zai zo karɓar zobensa ranar Juma'a da safe.

Malamin ya zo ya karɓa ya tafi, na tsaya ni kaɗai a cikin zauren, karo na farko. Ƙasan ɗakin ya daɗe yana damuna. Baƙar ƙasa ce mai laushi, ƙafa tana nutsewa a cikinta, ga toka, ga gutsattsarin gawayi, ga fasassun tukwanen narki. A gidanmu kullum sau biyu ake shara. Na daɗe ina neman hanyar da zan gode wa Baba ba sai na buɗe baki ba, sai na ga ga ta nan. Na nemi tsintsiya a zauren ban samu ba, na je gida na ɗauko tamu, da bokiti da guntun kwano.

Aikin ya ci ni har kusan lokacin masallaci. Na share, na kankare har sai da na tarar da daɓe. Bokiti tara na kwasa na zubar a jujin bayan gida. Ina cikin yi rana ta kawo daidai tagar nan, haske ya sauko kamar an jingina azara, ƙurar da na tayar tana yawo a cikinsa a hankali, tana walƙiya fari-fari, kamar an zuba taurari a cikin ruwa. Na ajiye tsintsiya na tsaya kallo. Har na ciro littafina na rubuta cewa ban taɓa ganin ƙura mai kyau irin ta zauren Baba ba. Sannan na yayyafa ruwa, na jera guduma daga babba zuwa ƙarama, na kulle.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya dawo, muna rumfa duka. Na miƙa masa makulli ina kallon ƙasa. Ya buɗe, ya tsaya. Ya tuɓe takalmi ya taka daɓen da ƙafa ɗaya, kamar mai gwada sanyin ruwa. Sagir ya leƙa ta kafaɗarsa, ya juyo ya dube ni, a karo na farko ba dariya a fuskarsa.

“Akawu,” ya ce a hankali, “zobbanmu ka share.”

Baba ya tambaye ni inda na kai ta. Muka zagaya bayan gida, muka tarar da jujin an kwashe shi tas, sai sawun jakai. Lokacin kai taki gona ne, Mati mai jakai ya zo tun Juma'a da yamma ya ɗebe.

A kan kututturen rumfa Baba ya zauna ya yi mini bayanin da ya yi wa sauran a ranar farko, ranar da ba na nan. Ya ce komai kulawar maƙeri, fatar cinya ba ta tare komai. Kullum akwai ɗan garin da ke tsallakewa ya faɗa ƙasa, na wannan yau, na wancan gobe. In shekara ta zagayo, gab da damina, sai a kwashe ƙasar a wanke, azurfar ta fito. Amma ba tasa ba ce. Ta mutane ce da suka kawo aiki, wasu sun yi nisa, wasu sun rasu, ba a kuma san ta wa ce ta wa ba. Tun zamanin mahaifinsa malamai suka ce a bayar da ita sadaka a madadin masu ita, shi ya sa ake ba masu koyo su yi zobensu na farko. Bara rashin lafiya ya hana shi wankewa, saboda haka ta shekara biyu ce na kwashe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce za a ƙarasa aji da jan ƙarfe, tunda ba shi da wata azurfar, ba kuma halin saye. Ya tashi ya shiga ciki.

Ba wanda ya zage ni. Sun dai matsa da buhunansu.

A gida kakata Iya Dije tana zaune bakin rariya tana regayar gero. Ita ce mutum ɗaya da nake iya yi wa doguwar magana, wataƙila don ba ta taɓa ɗaukata da muhimmanci ba. Angona take ce mini, tana yi mini gorin ban taɓa kawo mata ko zare ba. Ta ga na ture kwanon tuwo, ta matsa mini sai da na faɗa. Ta saurara hannunta bai daina juya ƙwarya ba. Da na gama ta tambaye ni ko azurfa ta fi yashi nauyi. Na ce a littafi ta ninka shi kusan sau huɗu.

“To ai ta fi gero sauƙi, angona,” ta ce. “A gero na sama nake so, in zubar da na ƙasa. Kai na ƙasan kake so. Ɗauko mini mayafina gobe.”

Gonar Mati tana arewa da gari, tafiyar kamar awa ɗaya a ƙasa. Na riga Iya zuwa da sassafe. Na tarar da fili fetal, an jera takin tsibi-tsibi tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya, sun fi ɗari, daga juji daban-daban na gari. Na yi wa Mati bayani ina in'ina. Ya dube ni, ya dubi jakansa, ya ce shekara talatin yana kwasar juji, tsumma da ƙashi yake samu, bai san da arziki yake yawo ba. Bai tuna wane tsibi ne na gidan wa ba. Ya nuna mini gabas, inda gajimare ya fara taruwa fari sol, ya ce da zarar ya ga alamar ruwa zai baje takin, ba zai jira kowa ba, in ma bai baje ba ruwan zai baje masa. Ya ce in yi abin da zan yi, kada dai in tafi masa da takinsa.

A nan ne littafina ya yi rana. Na bi tsibin ɗaya bayan ɗaya ina tonawa da tsinke. Gawayin girki in ka matsa shi murƙushewa yake yi, na ƙirya kuwa ba ya yi. Fasassun tukwanen Baba kuma cikinsu yana da wani kore-kore mai santsi kamar kwalba, na taɓa zana shi. Inda na samu biyun tare sai in kafa kara. Kafin azahar na kafa kara goma sha huɗu.

Iya ta iso a keke mai ƙafa uku da ƙore biyar da babban baho. Akwai rijiya a gefen gonar. Ta zauna a inuwar wani gawo, ta ɗebi ƙasa rabin ƙwarya, ta cika da ruwa, ta kwashe tarkacen da ya taso. Sannan ta fara juyawa. Ba girgizawa take ba, lilo take yi da ita, tana ɗan karkatar da baki, yashi yana zamewa kaɗan-kaɗan yana komawa baho. Ta ƙara ruwa, ta sake. A karo na biyar abin da ya rage a gindin ƙwarya bai fi cokali ba, baƙi ƙirin. Ta karkata shi wajen rana. A gefen baƙin akwai wani siririn layi fari, kamar jinjirin wata a daren farko.

Ranar tsibi biyu kawai muka gama, kuma duk wadda na juya da hannuna sai Iya ta sake, don ina zubar da na ƙasan.

Kashegari ina jan ruwa na ji ƙarar babura. Sagir ne da sauran huɗun, kowa da ƙwaryar gidansu. Bai gaishe ni ba. Ya ce ya riga ya gaya wa mahaifinsa zai kawo masa zoben azurfa ya sa ranar Sallah, ba zai bari wani Akawu ya mayar da shi maƙaryaci ba. Iya ta jera mu a gindin gawo, samari shida, ta buɗe nata ajin. Ita kuwa da baki take koyarwa. Ta ce wa Sagir hannunsa kamar na mai tuƙa tuwon gidan biki. Ta ce wa wani in haka zai riƙe mata, gara ya zauna gwauro. Sagir ya ce Iya, a bar shi ya gwada da ƙarfi ko za a fi sauri. Ta ce ya gwada, azurfar Mati ce za ta ƙaru. Mati da kansa ya kawo jaki ɗaya yana ɗauko mana ruwa, yana tsayawa yana leƙa ƙore, ƙasar da muka gama da ita kuma yana mayar da ita gonarsa.

Abin da nake tunawa da kwanakin nan shiru ne. Bayan an gaji da ba'a sai kowa ya nutsu, ba ka jin komai sai ruwa yana zagaya ƙwarya shida. Zafi yana rawa a kan fili, tsibin taki kamar suna iyo. Kana juyawa kana tunanin wannan ɗigon farin na wa ne, na munduwar matar Agali, ko na 'yan kunnen wata amarya da yanzu take goyo, ko na wani tsoho da aka cire masa zobe aka ajiye. Duk sun taru a gindin ƙwarya ɗaya ba su san juna ba.

Rana ta uku da la'asar iska ta juyo da ƙanshin ƙasa. Saura kara uku. Muka yi ta sauri, Iya tana cewa sauri ba ya regaya. Gabas ta yi baƙi, ɗigon farko ya faɗo a cikin ƙwaryata. Muka rufe kwanon da muke tara baƙin garin da rigar Sagir, muka sa Iya a tsakiya a gindin gawo, muna kallo ruwa ya sauko ya kwantar da tsibi ukun, ya bi da su cikin kunyoyin bara.

Baba ya karɓi kwanon, ranar kuma ya ce mu shigo zaure mu shida. Ya shanya garin ya bushe. Ya kawo maganaɗisun tsohuwar rediyo ya bi ta kansa, baƙin ƙarfen da magagari ke zubarwa ya tashi ya manne. Abin da ya rage ya haɗa da sinadari ya zuba a sabuwar tukunya, ya binne ta a gawayi, Sagir yana zuga. Mun daɗe ba abin da ya faru. Can garin ya fara zufa, ƙananan ƙwayoyi suka fito suna neman juna, wannan ta haɗiye waccan, har suka zama ƙwaya ɗaya mai juyawa a hankali, tana kallonmu kamar ido. Ya zuba ta a kwarmin ƙarfe, ya tsoma a ruwan tsamiya, ta fito fara tas.

Ya ɗora ta a ɗan ma'auninsa. Zoben namiji ba ya wuce miskali ɗaya, shi kuma ba ya yarda a yi na jarrabawa ƙasa da haka sosai. Ya auna, ya sake aunawa. Ta isa zobe biyar.

Ba wanda ya dubi wani. Na ji muryata ta fito kafin in shirya mata.

“Baba, a fitar da ni.”

“Na ji,” ya ce.

Ya yanka ta biyar ya raba musu. Ni kuma ya jawo tsohuwar fatar cinyarsa da gashin kazar ya ɗora mini a hannu. Ya ce duk wanda zai yi guga ko yanka, ni zan zauna a gabansa in tare.

Mako biyu na yi a durƙushe a gaban abokaina ina riƙe da fata. Na ga zobe biyar tun suna sanda har suka zama zobe, kusa da idona fiye da masu yin su. Duk yamma in tattara abin da ya zuba da gashin kaza in ƙunshe a takarda in ba Baba. Sagir, da ya gane inda abin ya dosa, sai ya riƙa guga fiye da yadda aikin yake buƙata, har Baba ya ce masa in ya ƙara, zoben mahaifinsa zai koma na jariri.

Ranar ƙarshe Baba ya kwance ƙunshin takardun a cikin tukunya mafi ƙanƙanta, ya miƙo mini awartaki. Ƙwayar da ta fito ba ta fi ƙwayar wake ba. Na ja ta waya, na kai ta wuta ta huta sau uku, na naɗe, na haɗa baki. Da ruwan liƙi ya fara gudu ban tsaya kallo ba, na janye. Baba ya ɗaga zoben wajen taga yana neman inda aka liƙe, ya juya shi ya sake juyawa, sannan ya mayar mini ya ce in kaɗe ƙafata in tafi.

Iya na kai wa. Ta sa a ƙaramin yatsanta, ta ce ita dai ta yi rashin sa'ar miji, kwana uku tana wanke masa gona ya biya ta da zare. Ba ta cire shi ba har ta rasu. Shi ne kuke gani a ɗaure a igiyar tsintsiyar nan, in kun ɗaga kai.

Shekarun da suka biyo baya na yi munduwa, na yi sarƙa, na yi zobban da ban san adadinsu ba, wasu shekarun da ciniki, wasu ba. Baba Ilu ya daina aiki da idonsa ya yi rauni, ƙaramar gudumarsa tana wurina, yatsana bai cika lotsawar ba har yanzu. Gonar Mati kuma nakan bi ta wajen in an yi ruwan farko. Mati ya ce geron wajen gawon bai fi na ko'ina ba. Wani lokaci in rana ta karkata nakan ga wani abu yana ƙyalli a cikin kunya, in na sunkuya sai in ga yashi ne.

Ku da kuka fara bana, wata tara za ku yi a rumfa da jan ƙarfe. Wanda bai gane wani abu ba ya tambaya da baki, ko da kunya za ta kashe shi. Kafin hadari ya haɗu kowa ya je gida ya roƙi mahaifiyarsa ko kakarsa ta koya masa regaya, ya zo da ƙwaryarsa. Kai kuma mai tambayar Juma'a, zobenka yana nan cikin ƙasar zaure, ɗazu ma a kansa kake tsaye. In ka shigo zaure, ka kaɗe ƙafarka kafin ka fita.